Kofin Da Aka Buga Wa Suna: Tarihin Ƙungiyar Dillalan Kayan Rabo



Ki ɗan tashi ki leƙa kicin ɗinki, na tabbata ba za ki rasa kofi ko faranti ko 'yar roba da aka buga wa sunan wasu ango da amarya ba. Wataƙila ma auren ya daɗe da mutuwa, kofin yana nan yara na shan koko da shi. Ga kalandar banki a bango, ga biro mai sunan kamfani a jakar maigida, ga mafici mai hoton ɗan takarar da ko akwatin unguwarsu bai ci ba. Waɗannan su ne kayan rabo, waɗanda 'yan boko ke ce wa sobeniya. Mu dai karɓa muke yi mu ce an gode, ba mu cika tambayar ta hannun wa suka biyo ba. To akwai mai wahalarsu. Tsakanin masana'antar da ta ƙera kofin da mai bikin da ya raba shi akwai dillali, kuma a garuruwanmu yanzu sau da yawa dillaliya ce, daga cikin ɗakinta take cinikin da wayar hannu.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne abin da ya sami wata maƙwabciyata. Wata hajiya ce ta ba ta aikin kofuna da jakunkuna na bikin 'yarta, ta ba da ɗan kafin alƙalami wanda bai taka kara ya karya ba, ta ce sauran sai an kawo kaya. Baiwar Allah ta sayar da 'yan kunnenta na gwal ta cika kuɗin, ta sayo kaya, ta kai aka buga suna da kwanan wata. Saura kwana tara ɗaurin aure sai aka fasa. Hajiya ta daina ɗaukar waya. Da a ce atamfa ce ko shinkafa, ai sai ta nemi wani mai saye ko da za ta karyar. Amma wa zai sayi kofi ɗari biyar mai sunan ango da amaryar da ba su yi aure ba? Daga baya ne take jin cewa wannan hajiyar ta taɓa yi wa wasu mata biyu irin haka a bikin babbar 'yarta, kuma ɗaya daga cikinsu layi uku ne tsakanin gidansu. Labarin yana nan a unguwa, hanyar da zai iso kunnenta ce babu.

Wannan ciwo ba a kanta aka fara ba. Waɗanda suka ƙirƙiro sana'ar a Amurka sun ɗanɗana shi tun kakanninmu ba su san injin ɗab'i ba, kuma maganin da suka nemo shi ne nake so mu duba.

A jihar Ohayo akwai wani ƙaramin gari da ake kira Coshocton. A wajen 1886 akwai wani mutum a garin mai suna Jasper Meek, yana da 'yar jarida da injin buga ta. Jaridar ƙaramin gari kuwa ba kullum ake buga ta ba, saboda haka yawancin kwanaki injin yana zaune ne, alhali ma'aikata sai an biya su. Ana ba da labarin cewa wata rana ya ga littattafan wani ɗan makaranta sun zube a ƙasa, sai dabara ta faɗo masa. Ya je wajen wani mai kantin takalma da ake kira Cantwell, ya ce masa me zai hana a ɗinka jakunkunan algarara a buga sunan kantin a jiki, a raba wa 'yan makaranta kyauta? Yaro ya sami jaka, shi kuma mai kanti sunansa ya zaga gari safe da yamma a kafaɗar yara. Ciniki ya faɗa. Meek ya buɗe kamfani na musamman don wannan aiki, ya sa masa suna Tuscarora.

Kin san halin kasuwa, ba a barin mutum ya ci shi kaɗai. Wani mai jarida a garin, Henry Beach, wanda dama abokin hamayyarsa ne, shi ma ya buɗe nasa. Nan fa aka shiga tsere, duk abin da zai karɓi tawada sai sun buga masa suna: mafici, rula, hula, kalanda, bulalar keken doki, har bargon rufa wa dawaki. Suka kai ga buga hoto mai launi a jikin farantan ƙarfe, irin tirrukan Coca-Cola ɗin nan da masu tara kayan da suke saye da tsada yanzu. A 1901 suka gaji da faɗa suka haɗe kamfanonin biyu, amma zaman bai yi nisa ba kowa ya kama gabansa. A can jihar Iowa kuma wasu 'yan jarida biyu, Thomas Murphy da Edmund Osborne, su suka yi suna da kalanda mai hoto wadda ake buga sunan kanti a ƙasanta. A garin Newark kamfanin Whitehead da Hoag ya shahara da bajin da ake maƙalawa a ƙirji, wanda 'yan siyasa suka yi wa rubdugu a zaɓen 1896. Kin ga ashe hoton ɗan takara a ƙirjin magoya baya ba mu muka fara ba.

Da sana'a ta bunƙasa sai matsalolinta suka bunƙasa tare da ita. Wani ya karya farashi har ƙasa da kuɗin da ya kashe don kawai ya ƙwace ciniki. Wani ya kwaikwayi zanen ɗan uwansa. 'Yan aiken da ke yawo gari gari da samfuri a jaka su karɓi la'ada a nan, gobe su koma wajen abokin hamayya da sunayen masu sayen ubangidansu na jiya. Uwa uba ga masu cin bashi, waɗanda za su sa a buga musu kaya su ƙi biya, su koma wani kamfanin da bai san halinsu ba. Sai masu masana'anta goma sha biyu suka zauna suka kafa ƙungiya, suka zaɓi Benjamin Whitehead na Newark ya zama shugabanta na farko. Ƙungiyar tana ƙirga shekarunta daga 1903. Ta sha canza suna, yanzu ana kiranta PPAI, hedkwatarta tana garin Irving a jihar Texas. Abubuwan da suka fara tattaunawa a kai su ne farashi, da sababbin dabaru, da asarar da ake tafkawa, da yadda za a bi da 'yan aike. Ki duba da kyau, babu ɗaya a ciki da maƙwabciyata ba ta sani ba.

Akwai abin da ƙungiyar ba ta da ikon yi, kuma ya kamata a faɗe shi tun da wuri, domin da yawa cikinmu in an ce ƙungiyar 'yan kasuwa abin da ke zuwa ransu ke nan. Ba ta isa ta yanke farashi ɗaya ta ce kowa ya sayar a haka ba. Tun 1890 Amurka take da dokar da ake kira dokar Sherman, wadda ta haramta wa 'yan kasuwa haɗa baki su ƙayyade farashi. Mu ma nan Nijeriya dokar kare masu saye da aka sa wa hannu a 2019 ta hana irin wannan. To in ba ta yanke farashi, mene ne amfaninta? Amfaninta shi ne labari ya riƙa zagawa. Wanda ya san kuɗin da aiki ke ci tun daga tawada har dako ba zai karyar da kaya cikin jahilci ba, kuma wanda ya ji sunan macuci a taro ba zai buga masa ko rula ɗaya ba sai ya ga kuɗi a ƙasa.

A 1914 suka yi baje kolinsu na farko, kamfani 32 suka kasa kaya. Wannan baje koli har yanzu ana yinsa duk watan Janairu a birnin Las Vegas, dubban mutane ke halarta, kuma ba don 'yan kallo ake yinsa ba, na 'yan sana'a ne. Ki auna abin da wannan ke nufi ga ƙaramin dillali. Maimakon ya yi ta aika kuɗi ga masana'antar da bai taɓa gani ba, cikin kwana uku zai taɓa kofin da hannunsa, ya murza rubutun ya ga ko yana gogewa, ya ga fuskar wanda zai kira in kaya sun zo a fashe. Gani ya kori ji.

Da farko masu masana'anta ne ke sayarwa kai tsaye ta hannun 'yan aikensu. Sannu a hankali sai dillalai masu zaman kansu suka yawaita, waɗanda ba su da inji ko ɗaya, jarinsu shi ne sanin masu saye da sanin inda ake ƙera kowane abu. Har aka wayi gari sana'ar ta rabu gida biyu, masu ƙerawa da masu dillanci, ƙungiyar kuma ta haɗa duka biyun a inuwa ɗaya. Nan ne wurin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin nan, domin babban tsoron kowace dillaliya shi ne a tsallake ta. Kin sha wahala kin nemo mai biki, kin nuna mata samfuri, sai ta leƙa gindin kofin ta ga sunan masana'anta, gobe ta tafi can da kanta. Wallahi babu dillaliyar da ba ta san zafin wannan ba.

A 1950 wani ɗalibin jami'a a birnin Philadelphia mai suna Joseph Segel ya kafa wani kamfani da ake kira ASI. Shi ba ƙungiya ba ne, kamfani ne na neman riba, amma dillalai da masu masana'anta suna biyan kuɗi su yi rajista da shi kamar yadda suke yi da ƙungiyar. Abin da ya yi shi ne ya tattara sunayen masu ƙera kaya da irin abin da kowa ke ƙerawa, ya ba kowa lamba. Sai ya zamana kundin hotunan kayan da dillali zai nuna wa mai saye babu adireshin masana'anta a ciki, lamba ce kawai, wadda ɗan sana'a ne kaɗai ya san ta wace ce. Haka nan farashin da ke rubuce a kundin na mai saye ne, sai a maƙala wani harafi a gefe. In dillali ya ga harafin A ya san rabin kuɗin nan ragi ne gare shi, in ya ga C ya san kashi 40 cikin ɗari ne. Mai saye yana kallon shafin, dillali yana kallon shafin, amma ba abu ɗaya suke karantawa ba. Kamar dai cinikin 'yan kara ne da ake yi da yatsu a cikin hannun riga.

Wata za ta ce ai wannan ɓoye ɓoye ne. Ni a ganina kare gumin mutum ne, matuƙar dai an kawo wa mai saye abin da aka yi alkawari a farashin da ya yarda da shi. Dillalin ne ya san wace tawada ke zama a jikin roba, shi ya duba rubutun kafin a buga dubu, shi zai kwana bai yi barci ba in mota ta makara. La'adarsa halaliyarsa ce. Kodayake dole a faɗi gaskiya, zuwan intanet ya yage wannan labule ƙwarai, yanzu mai saye na iya nemo masana'anta har ƙasar Sin daga kan gadonsa.

Abu na biyu da wannan tsari ya kawo shi ne littafin bashi. Masu masana'anta suna kai rahoton wane dillali ne ke biya a kan lokaci, wane ne ke jan ƙafa. Dillalai su ma suna ba masana'antu maki, wace ce ke cika alkawari, wace ce ke aiko da kaya rubutu a karkace. Saboda haka sabon dillali mai gaskiya, in ya yi 'yan shekaru yana biya, sai a fara ba shi kaya bashi na kwana talatin ba tare da an taɓa ganin fuskarsa ba. Sunansa ya zama jari. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma su sun samo hanyar da za a san hanjin wa ke da lafiya.

Sai maganar hukuma, inda dillali ɗaya ba shi da murya ko kaɗan. A 1962 Amurka ta yi dokar haraji wadda ta ce kyautar da ɗan kasuwa zai cire daga lissafin harajinsa kada ta wuce dala 25 ga mutum ɗaya a shekara. Amma aka ware ƙananan kayan da ba su wuce dala 4 ba, waɗanda aka buga wa sunan kamfani ake rabawa jama'a, aka ce su ba sa cikin wannan ƙidaya. Ki ga yadda layi ɗaya a cikin doka zai iya raya sana'a ko ya kashe ta. Don haka ne 'yan ƙungiyar suke tura wakilai birnin Washington su gana da 'yan majalisa a kan haraji da kuɗin fito da makamantansu.

Wani abin kuma ya shafe mu kai tsaye mu iyaye. A 2007 an janye miliyoyin kayan wasan yara daga kasuwannin Amurka saboda an sami dalma a fentinsu, abin da ya jawo sabuwar doka mai tsanani a 2008. A 2010 kamfanin McDonald's ya janye kofunan gilashi miliyan 12 na tallan fim ɗin Shrek, saboda an sami wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyom a fentin jikinsu. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a wannan shekarar ta 2010, ba sai an yi mana dogon bayani ba, ko da yake tasu daga haƙar zinariya ta fito. Bayan waɗannan dokoki, ƙaramin dillalin da ke aiki daga ɗakinsa ba shi da kuɗin ɗaukar lauya ya fassara masa su. Ƙungiyar ce ta riƙa shirya taruka da darussa tana koya musu wace takardar gwaji za su nema daga masana'anta kafin su karɓi kayan da yaro zai sa a baki. Tana ma da jarrabawa da takardar shaidar ƙwarewa ga wanda ya yi karatun sana'ar. Ni dai tun da na san wannan nake kallon robobin rabon da fentinsu ke fita a ruwan wanke wanke da wani ido daban.

Kada ki ɗauka ƙungiya maganin kowace cuta ce. A farkon 2009 manyan kamfanonin magunguna na Amurka, bisa shawarar da suka yanke wa kansu, suka daina raba wa likitoci biro da kofi da takardun rubutu masu sunan magani, don gudun zargin saye zuciyar likita. Dillalan da suka dogara da wannan ciniki suka wayi gari babu shi, ƙungiyar kuma ba ta iya hanawa ba. A 2020 da annobar korona ta rufe taruka, cinikin sana'ar, wanda ya haura dala biliyan 20 a shekara, ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Da yawa sun tsira ne ta hanyar komawa sayar da takunkumin fuska da man goge hannu, kuma a nan ma sanin wa ke da kaya na gaskiya ne ya raba mai riba da wanda aka damfara. Sannan kuɗin shiga da na shekara ba kowa ke jin daɗin biyansu ba. Akwai ƙananan dillalai da ke ƙorafin cewa manya ne ke cin moriyar, kuma wanda ya biya kuɗi ya koma gida ya kwanta, ba ya zuwa taro ba ya tambaya, to takardar bango kawai ya saya.

In muka dawo gida, haɗuwar 'yan sana'a ɗaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mahauta suna da Sarkin Pawa, maƙera suna da Sarkin Maƙera, kasuwa tana da sarkinta, kuma duk wanda ya ci amanar ɗan uwansa akwai inda za a kai ƙararsa kafin a je gaban alƙali. Mu mata muna da adashi, kuma uwar adashi ta fi kowane banki sanin wadda ke zubi da wadda sai an bi ta. Amma sana'ar kayan rabo ta zo mana ne a warwatse. Wannan tana saro nata a Sabon Gari, waccan tana aikawa Legas, wata ta haɗa kuɗi da masu zuwa Guangzhou, kowacce tana tallarta a WhatsApp da Instagram, kowacce tana ɓoye wa 'yar uwarta inda take bugu kamar sirrin miya. Lokacin siyasa kuwa abin ya fi muni, a buga riguna da huluna na miliyoyi bisa alkawarin "in mun ci", ɗan takara ya faɗi, yaransa su ce ba su san zancen ba.

Maƙwabciyar tawa dai ba ta jira an kafa mata wata babbar ƙungiya mai ofis da sakatare ba. Bayan ta share hawayenta ta nemi matan nan biyu da hajiyar ta taɓa cuta, suka jawo wasu, yanzu su tara ne, suna haɗuwa Asabar ɗin farkon wata bayan la'asar. Sun sayi littafi mai bangon kwali. Shafukan gaba na masu bugu ne, wa ke cika alkawari, wa tawadarsa ke gogewa. Shafukan baya na masu saye ne da suka ƙi biya, kuma ba a rubuta sunan kowa sai an ga shaidar saƙonni an kuma aika mata ta faɗi nata uzurin, don kada abin ya koma gulma da ɗaukar alhaki. Sun amince babu wadda za ta kai kaya wajen bugu sai an ba ta kashi 70 cikin ɗari, kuma sai mai biki ta duba rubutun sunan ta amsa a rubuce. In za a saro farin kofi sukan haɗa kuɗi su sayi katan da yawa a farashin sari. Rigima ba ta ƙare ba, a watan jiya ma sai da aka yi sulhu tsakanin biyu daga cikinsu a kan wata mai biki da kowacce ke cewa ita ta fara nemowa.

Kofunan nan ɗari biyar kuwa, ɗaya daga cikin matan ce ta san wani mai bugu da ke iya rufe tsohon rubutu da baƙin fenti ya ɗora sabo a kai. An rufe ɗari uku an sayar wa wata Islamiyya ranar sauka a rabin kuɗi. Sauran suna nan a bayan gadonta cikin katan biyu, 'yan kunnen kuma har yau ba ta mayar ba.